Matattakar fiffike: Ƙaramin gyaran jirgin sama da ba a yi masa garaje

Duk ɗalibin da ke koyon tuƙin jirgin sama a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, sai ya taka fiffiken jirgi kafin ya kai ga kujerar matuƙi. Ƙananan jiragen da ake koyarwa da su a can fukafukansu a ƙasa suke, ƙofar shiga kuma tana samansu, saboda haka babu hanyar shiga sai ta kan fiffike.

Wurin da aka yarda a taka ɗan siriri ne da ke manne da gangar jikin jirgin. An shimfiɗa masa wani abu mai kaushi kamar samfefa, galibi baƙi ko ruwan toka, domin kada ƙafa ta zame. Wannan ita ce matattakar fiffike. Tana cinyewa kamar yadda tayar mota ke cinyewa, kuma idan lokacinta ya yi dole a ɓanɓare ta a sa sabuwa.

Wanda ya ga ana aikin daga nesa zai ɗauka aikin mai fenti ne na rabin yini. Sai dai ranar da aka cire tsohuwar shimfiɗar ita ce ranar da injiniya ke samun damar ganin fatar fiffiken da ta yi shekaru a rufe, kuma ita ce ranar da hannun da bai ƙware ba zai iya lalata fiffiken da kankara ɗaya.

Me ya sa nan kaɗai ake takawa?

Fiffiken ƙaramin jirgi ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. A ciki akwai doguwar ƙashin baya da ke ɗauke da nauyin jirgin a sama, sai haƙarƙari da aka jera a kanta, sannan aka lulluɓe su da fallen alminiyam. A wurare da dama kaurin wannan falle bai wuce na katin ATM ba. An ƙera shi ne ya jure ƙarfin iskar da ke bazuwa a kan fiffiken gaba ɗaya, ba nauyin mutum mai kilo 80 da ya tattaru a dunduniya guda ba.

A gindin fiffike kawai masu ƙira ke ƙara haƙarƙari kusa da kusa, ko su ninka fallen daga ciki, domin wurin ya ɗauki mutum. Saboda haka shimfiɗar tana aiki biyu: tana riƙe ƙafa, tana kuma nuna iyakar wurin da aka ƙarfafa. Taki ɗaya a wajen wannan iyaka na iya lotsa fatar fiffike ko ya sassauta ƙusoshin da suka riƙe ta.

Akwai jiragen da ƙa'idarsu ta fi haka tsauri. A Piper PA-28, wanda yana cikin jiragen koyo mafi yawa a duniya, ƙofa ɗaya ce a gefen dama, kuma matattakar ta haura har kan leɓen fiffike, wato ɓangaren baya da matuƙi ke saukarwa lokacin sauka. Littafin jirgin ya yi gargaɗin cewa leɓen ba ya ɗaukar nauyin mutum sai idan an mayar da shi sama gaba ɗaya. Fasinjan da ya taka shi alhali yana sauke, leɓen zai tafi da ƙafarsa ƙasa.

Matafiyan da suka saba hawa manyan jirage zuwa Jidda ko Istanbul ma suna iya ganin irin wannan shimfiɗa idan suka zauna ta taga a tsakiyar jirgi. A kan fukafukan Boeing 737 da Airbus A320 akwai hanya mai kaushi da kibiyoyi, wadda fasinjoji za su bi idan aka buɗe ƙofofin gaggawa. Ranar 15 ga Janairun 2009, lokacin da jirgin US Airways ƙirar A320 ya sauka a kogin Hudson da ke birnin New York, fasinjoji da dama a kan jiƙaƙƙun fukafukai suka tsaya cikin tsananin sanyi har jiragen ruwa suka iso. Duka mutum 155 da ke cikinsa sun tsira.

Jiragen Zariya ba sa hutawa

An kafa kwalejin Zariya a shekarar 1964, tare da tallafin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, da Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayan makarantar tuƙi, tana da makarantar injiniyoyin gyaran jirgi da ta masu kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniya.

Shekaru da dama jirgin da aka fi sanin kwalejin da shi shi ne Tampico TB-9, ƙirar kamfanin Socata na Faransa, mai jikin alminiyam da ƙofofi biyu da ke buɗewa sama. Daga 2017 ta fara karɓar jiragen kamfanin Diamond na ƙasar Ostiriya, sannan a 2020 ta karɓi guda shida ƙirar DA40 NG. Babban dalilin sauyin shi ne mai. Tsofaffin jiragen suna shan Avgas, fetur na musamman mai tsada da wuyar samu a Najeriya, yayin da sababbin ke shan Jet A-1, irin kananzir ɗin da manyan jirage ke sha a kowane filin jirgi.

Jirgin koyo ya bambanta da na attajirin da ke tashi sau ɗaya a mako. A misali, idan jirgi ya yi sawu biyar a yini, kowane sawu da malami da ɗalibi, an taka fiffike sau ashirin ke nan tsakanin hawa da sauka, ban da makanikai da masu wanki. Kuma kowa wuri ɗaya yake sa ƙafa, yana juyawa a kan tafin takalmi kafin ya zura ƙafa cikin jirgi. Shi ya sa tsakiyar shimfiɗar ke yin sumul tun gefunanta suna da sauran kaushi.

Sauyin jirage ya zo da sauyin aiki ga makanikai. Jikin Diamond ba alminiyam ba ne, haɗin zaren gilashi ne da na kabon da aka daskarar da wani irin gam mai ƙarfi. Sinadarin cire fenti da ake amfani da shi a kan ƙarfe yana iya cinye wannan gam, zafi mai yawa kuma yana tausasa shi, wanda hakan ne ya sa ake yi wa irin waɗannan jirage farin fenti. Dabarar da makanike ya ƙware a kanta a jikin Tampico, idan ya ɗauke ta yadda take ya kai kan Diamond, ɓarna za ta yi.

Rana, ƙura da mai

Yanayin ƙasar Hausa ba ya raga wa matattakar fiffike. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos a Zinder da Maraɗi da Sakkwato, kuma baƙin abu da ke kwance a rana ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Zafin na tausasa gam ɗin da ya riƙe shimfiɗar, sanyin dare ya sake ƙanƙame shi. Hasken rana kuma yana busar da saman har ya fara tsattsagewa.

Da hunturu sai ƙura ta cike 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin tsakuwar, kaushin ya ragu. Yashin da ke maƙale a ƙasan takalmi yana goge wurin a duk taki. Da damina kuwa raɓar asuba da laka ne ke mayar da sumul ɗin wuri tarko.

Sai kuma mai. Tankunan irin waɗannan jirage cikin fukafukai suke, kuma man da ya zube ko bakin man inji da farfela ta feso baya suna ratsa gefen shimfiɗar su narkar da gam. Da zarar kusurwa ɗaya ta ɗage, iskar farfela da gudun jirgi na kusan kilomita 200 a awa za su ci gaba da ɓanɓarar ta a duk tashi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ƙadangaren: yana shiga ƙarƙashin shimfiɗar ya kwanta, rana ba ta kai gare shi balle ta busar da shi.

Faɗuwa daga kan fiffike ba ta da nisa sosai, amma a kan kwalta ko siminti ake faɗowa, sau da yawa da baya, hannu riƙe da jaka. Targaɗe da karayar hannu ko ƙugu su ne abin da aka fi tsoro. Mafi muni shi ne mutum ya zame ta gaba alhali inji na aiki, domin farfela ba ta da nisa da gindin fiffike, kuma idan tana juyawa ido ba ya ganin ta sosai.

Jirgin feshi da gonakin Damagaram

Manomin gero a Gidimuni ko Gure ko Tanut ba lallai ne ya taɓa shiga jirgi ba, amma akwai ƙaramin jirgin da amfanin gonarsa ke iya rataya a kansa, wato jirgin feshi. Gidimuni, wadda ke kan babbar hanyar Zinder zuwa Gure, ta yi suna da tafkinta da lambunan rake da dabino, har aka sanya tafkin cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Sai dai gonakin tudu da ke kewaye da ita, kamar sauran na jihar Damagaram, suna fama da fara a ƙarshen damina. Mutanen yankin ba su manta da farar dango ta 2004 ba, wadda ta haɗu da ƙarancin ruwan sama ta jawo matsalar abinci ta 2005.

Idan ɓarna ta fi ƙarfin masu feshi da hannu da na mota, hukumomin kare tsirrai kan koma ga feshi ta sama. Haka ake yi a arewacin Najeriya a kan tsuntsaye jan-baki da ke cinye shinkafa da gero a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe.

Jiragen da aka ƙera domin wannan aiki, irin su Cessna 188 da Air Tractor, su ma fukafukansu a ƙasa suke, ta kan fiffike matuƙi ke hawa, tankin magani kuma yana gabansa. Maganin farar da ake fesawa ta sama da mai ake haɗa shi, ba da ruwa ba, kuma kimanin lita ɗaya ke isar hekta guda. Ɗigo kaɗan a kan matattaka ya isa ya sa ta santsi, sannan sinadarin kansa yana cin fenti da gam. Ana kuma fara aikin da sassafe, lokacin da iska ba ta yi zafi ba, wanda shi ne lokacin raɓa.

Lokacin feshi 'yan makonni ne, matuƙan da suka iya shi kuma ba su da yawa. Matuƙin da ya karye a ƙafa, ko jirgin da aka ajiye saboda an gano tsatsa ta ci fiffikensa a tsakiyar aiki, kwanaki ne da fara za ta yi tana ci ba mai hana ta. Shi ya sa wurin irin wannan gyara shi ne rani, lokacin da jirgin ke zaune a rumfa.

Yadda ake cire tsohuwar

Matakin farko ba a kan fiffike yake ba, a kan tebur yake. Injiniya zai buɗe littafin gyara na kamfanin da ya ƙera jirgin ya ga irin shimfiɗar da aka amince da ita, da girman wurin, da sinadaran da aka halatta. Kafin a taɓa komai akan auna tsohuwar, a ɗauki hotonta ko a zana ta a takarda, domin sabuwar ta zauna daidai inda aka ƙarfafa.

Daga nan sai a kewaye wurin da salatif ɗin masu fenti, a rufe tagogi. Tagar ƙaramin jirgi roba ce mai kama da gilashi, kuma tina ko asiton na sa ta yi ƙananan tsage-tsage da ba sa gyaruwa.

Idan tsohuwar shimfiɗar ta manne ce, akan ɗumama ta a hankali da na'urar hura iska mai zafi, ana ɗaga ta kaɗan-kaɗan. A nan ake bukatar natsuwa, domin tankin mai na kusa, kuma tururin fetur ba ya bukatar harshen wuta kafin ya kama. Ana yin aikin a inda iska ke ratsawa, da abin kashe gobara a gefe. Idan kuma ta fenti ce, sai a yi amfani da sinadarin da littafin ya ambata.

Makankarin da ake amfani da shi na roba ne ko na katako. Dalili kuwa shi ne yadda aka yi fallen. Alminiyam ɗin da ke ciki an gauraya shi da jan ƙarfe domin ya yi ƙarfi, amma wannan gaurayen yana saurin lalacewa, don haka ake lulluɓe shi da wani siririn rufi na tsantsar alminiyam da ke kare shi. Wuƙa ko makankarin ƙarfe na yanke wannan rufin. Buroshin waya da soson ƙarfe sun fi haka illa, domin suna barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikin fallen, wanda idan ya haɗu da danshi yake haifar da tsatsa a daidai wurin da aka so a tsabtace. Haka kuma ba a bin kawunan ƙusoshi da samfefa, saboda kan ƙusar shi ne ke riƙe fallen.

Wannan mataki ne ya fi cin lokaci. Ragowar gam na shekaru ba ya fita da shafa ɗaya, kuma mai gaggawa a nan ne yake ɗauko abin da bai kamata ba.

Idan allura ta tono garma

Bayan an wanke wurin tas, sai a duba shi da fitila da madubin ƙara girma. Tsatsar alminiyam ba ja ba ce kamar ta kwanon rufi. Fari ko tokan gari ne, wani lokaci da ƙananan ramuka kamar cizon allura, wani lokaci kuma kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin fenti. Baƙin zobe a kewayen ƙusa alama ce ta cewa ƙusar ta saki tana motsi.

Injiniya zai kuma danna wurin da hannu. Idan ya ji yana lotsawa ko yana ƙara kamar gwangwani, akwai yiwuwar abin da aka ƙarfafa shi da shi daga ciki ya tsage saboda shekarun taku. Wannan sanannen ciwo ne a tsofaffin jiragen PA-28, kuma maganinsa ba fenti ba ne: sai an cire ƙusoshi an sauya ɓangaren. A jirage masu jikin zaren gilashi akan ƙwanƙwasa wurin a hankali ana sauraro, domin inda zaren ya rabu da juna sautinsa daban yake.

Littafin gyara yana faɗin iya zurfin tsatsar da za a iya gogewa a bar fallen. Abin da ya wuce haka sai faci ko sabon falle. A nan ne aikin da aka yi wa kasafin yini biyu ke iya komawa na makonni, kuma a nan ne mai jirgi ko shugaban da ke son jirgi ya koma aiki zai iya matsa wa makanike ya rufe ya yi shiru. Sabuwar shimfiɗa tana rufe tsatsa da kyau, ba wanda zai gani, amma tsatsar ba za ta daina ci ba, kuma wurin yana daf da inda fiffike ya haɗu da gangar jiki.

Idan wurin lafiya lau yake, sai a shafa sinadarin da ke kare alminiyam, a bi shi da fentin farko mai hana tsatsa, a bar shi ya bushe.

Ta fenti ko ta manne

Sabuwar shimfiɗa iri biyu ce. Akwai fenti mai kauri da aka zuba wa ƙwayoyin tsakuwa, irin wanda kamfanin Randolph na Amurka ke yi, wanda ake shafawa da buroshi ko rola. Tsakuwar na kwantawa a gindin gwangwani, saboda haka sai an riƙa motsa shi a kai a kai, in ba haka ba rabin wurin zai fito sumul, rabi kuma tudu-tudu. Ana cire salatif ɗin gefe tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba domin layin ya fita sak. Amfaninsa shi ne yana bin kan ƙusoshi da lanƙwasar fiffike, ba shi da gefen da iska za ta kama.

Na biyu shi ne falle mai gam a baya, irin Safety-Walk na kamfanin 3M. Ana yanka shi daidai awo, a zagaye kusurwoyinsa domin kusurwa mai tsini ce ke fara ɗagewa. Ana manna shi daga gefe ɗaya ana dannawa da rola don kada iska ta maƙale a ciki, sannan a bi gefunan da gam ɗin rufe baki, musamman gefen gaba da ke fuskantar iska. Ya fi sauri da tsabta, sai dai ba ya yafe datti: maiƙon yatsa kaɗai a kan fallen na iya hana shi kamawa.

Ko wanne aka zaɓa, ba a taka shi sai ya cika lokacin bushewar da masu yin sa suka rubuta, kuma ba a yin aikin a tsakar rana a kan fiffike mai zafi ko ranar da ƙura ta taso.

Duka kayan daga waje ake shigo da su, da dala ko yuro. Fentin yana cikin kaya masu kama wuta, don haka aiko shi ta jirgin sama na da ƙa'idoji da ƙarin kuɗi. Gam kuma yana da wa'adi, ajiya a ɗaki mai zafi tana rage masa kwana. Wannan ne ke sa wani ya yi tunanin sayen fallen hana santsi na matakalar bene a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko Kasuwar Dole ta Zinder, ko ya zuba yashi a fentin mai. A ido kusan ɗaya suke. Bambancin shi ne ba wanda ya gwada ko gam ɗin kasuwa zai jure man jirgi da iskar farfela, ba kuma wanda ya san abin da gishirin da ke cikin yashi zai yi wa alminiyam.

Tarihin jiragen sama ya nuna abin da zaɓen kaya da ido ke haifarwa. Ranar 10 ga Yunin 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways da ya tashi daga Birmingham ya fice a sama, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka a Southampton. Ya rayu. Bincike ya gano cewa 84 daga cikin ƙusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su sun gaza kaurin da ake bukata da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ya yi aikin ya gwada su ne da tsofaffin da ido, bai duba littafi ba.

Salatif ɗin da aka manta

Aikin bai ƙare da bushewar fenti ba. Duk abin da aka manna a jikin jirgin domin kariya sai an cire shi, duk kayan aikin da aka fito da su sai an ƙirga sun koma akwati.

Ranar 2 ga Oktoban 1996 jirgin Aeroperú ƙirar Boeing 757 ya tashi da dare daga Lima, babban birnin Peru, zuwa Santiago ta ƙasar Chile. Kafin tashin an goge jikinsa, kuma ma'aikacin da ya yi aikin ya rufe wasu ƙananan ramuka da ke gefen jirgin da salatif domin kada man gogewa ya shiga. Ta waɗannan ramuka ne na'urori ke auna iska su gaya wa matuƙi nisansa da ƙasa da kuma gudunsa. Ba a cire salatif ɗin ba, waɗanda suka duba jirgin kuma ba su lura ba. Na'urorin suka riƙa ba da bayanai masu karo da juna, jirgin ya faɗa tekun Fasifik, duka mutum 70 da ke ciki suka rasu.

Ƙananan jirage ma suna da irin waɗannan ramuka, da ramukan shaƙar iska na tankin mai, kuma mai yin fenti a kusa da su yakan rufe su. Shi ya sa ake so a yi amfani da abin rufewa mai launi da ido ba zai tsallake ba, a kuma sa mutum na biyu ya zagaya jirgin bayan an gama.

Sa hannun da ke mayar da jirgi sama

Kowane jirgi na da kundin da ake rubuta duk abin da aka yi masa tun ranar da ya fito daga masana'anta. Sauya matattakar fiffike ma sai ta shiga: ranar aiki, kayan da aka sa, sashen littafin da aka bi, abin da aka tarar a ƙarƙashi, sannan sa hannu da lambar lasisin injiniyan da ya amince jirgin ya koma aiki. Idan wani abu ya faru bayan shekara biyar, wannan sa hannun masu bincike za su nema.

A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisin injiniyan gyaran jirgi, a Nijar kuma hukumar ANAC. Ƙa'idar ICAO ta tanadi cewa mai neman lasisin ya kai shekara 18, ya kuma yi shekara huɗu yana aikin gyaran jirgi, ko shekara biyu idan ya kammala kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. A Amurka doka ta bar wa matuƙin da ya mallaki jirginsa na kansa wasu ƙananan ayyukan kula, amma ko shi sai ya rubuta a kundi ya sa hannu.

Matasa da yawa idan aka ce aikin jirgi, kujerar matuƙi ko kakin ma'aikatan cikin jirgi suke hange. Makarantar injiniyoyi ta Zariya wata ƙofa ce, kuma wanda ya taso a garejin mota ko wurin masu gyaran bodi yana da hannun da ake bukata. Abin da zai ƙara koya shi ne karanta littafin gyara, wanda galibi da Turanci yake zuwa, da bin sa layi-layi, da kuma iya ce wa maigidansa jirgi ba zai tashi yau ba.

Shi kuwa fasinjan da ya samu kansa a gaban ƙaramin jirgi, ko na ɗaukar marasa lafiya ne ko na haya, ƙa'idar ba ta da yawa. Ya jira matuƙi ya kashe inji ya nuna masa ta inda zai hau, ya karkaɗe ƙasan takalminsa, ya miƙa jakarsa kafin ya taka, ya kama mariƙin da ke jikin jirgi, ya sa ƙafa a kan kaushin kawai. Idan ya ga shimfiɗar ta yi sumul ko gefenta ya ɗage, ya gaya wa matuƙin kafin a tashi.